Amsa kan kona daji a Ostireliya: me yasa ake biyan Aborijin su cinna wuta?

Malam na ga tambayarka, ka ce ka ga Aborijin, wato 'yan asalin kasar Ostireliya, suna cinna wa daji wuta da gangan har ma ana biyansu kudi a kai, alhali mu nan tun muna firamare ake karanta mana cewa kona daji barna ce, shine kake son sanin ko al'adarsu ce kawai ake lallabawa ko kuwa akwai ilimi a ciki, kuma ta yaya ilimin tsofaffi da na 'yan boko suka hadu waje daya. To ni harkar gandun daji da wuraren kiwo ita ce aikina kuma wannan maganar ta dade tana raina, dan haka ka yi hakuri zan dan ja ta.

Abu na farko da zaka rike, wutar daji kala kala ce. Wadda aka cinna ciyawa na da sauran danye danye, da la'asar sakaliya iska ta kwanta, raba na shirin sauka, tafiyarta kamar ta hawainiya, tsawonta bai wuce gwiwa ba, mutum na iya tsallake ta, hayakinta fari ne, bata taba ganyen saman bishiya, kuma dare na yi take mutuwa da kanta. Wadda ta tashi a tsakiyar rani da rana tsaka ciyawa ta bushe kamas ga iska na kadawa, wannan ita ce mai hawa kan itatuwa, ta gasa kasa, ta cinye kogon bishiyar da tsuntsaye da kananan dabbobi ke kwana, ta yi sati tana ci ba mai iya tunkararta. Duk su biyun sunansu wuta a baki, amma aikinsu a daji ya sha bamban kamar ruwan yayyafi da ambaliya. Gaba daya hikimar Aborijin a nan take, a yi ta farkon da yawa, kanana kanana a warwatse, dan idan ta biyun ta zo ta rasa abin ci.

Mutanen nan sun haura shekara 50,000 a wannan nahiya. Lokacin da jirgin Kyaftin Kuk ya bi gabar gabas a 1770 mutanensa sun yi ta rubuta cewa suna hango hayaki a wurare da dama, kuma Turawan farko da suka shiga ciki sun yi ta mamakin yanda wasu dazukan suke a bude, ga manyan itatuwa jefi jefi ga ciyawa a kasa doki na iya sukuwa. Sun dauka haka Allah ya halicci wurin ba hannun kowa. A 1969 ne wani masanin tarihin mutanen da mai suna Rhys Jones ya kira abin noma da bakin wuta, ma'ana da itacen wuta a hannu mutanen ke gyara kasa yanda manomi ke gyara gonarsa da fartanya. Suna kona wuri dan sabon toho ya fito kangaru ya zo ci a same shi a farauta, suna kona hanya dan tafiya ta yi sauki a ga maciji, suna zagaye kurmi da wuraren ibada da wuta mai sanyi dan kada babba ta shiga.

Da aka zo aka kwashe mutane daga kasarsu, wasu aka kashe, wasu cuta ta tafi da su, wasu aka tara su a sansanonin mishan da garuruwan gwamnati, sai dajin ya zama ba mai shi. Kuma ka san ciyawa bata daina fitowa dan mutum ya tashi.

Bari in baka misalin da na fi sani kuma shine ya fi nuna yanda hadin ya yi aiki. A arewacin kasar akwai yankin da ake kira Arnhem Land, gabas da birnin Darwin. Yanayinsu kusan irin namu ne na savana, damina da rani, sai dai a juye, su ruwansu daga wajen Nuwamba zuwa Afrilu yake, raninsu daga Mayu zuwa Oktoba. Yammacin yankin tudun duwatsu ne mai wahalar shiga, kuma zuwa tsakiyar karnin da ya wuce kusan duk mutanensa sun sauko sun koma garuruwa. Sakamakon shine duk karshen rani sai wuta ta tashi ta yi ta ci wata da watanni, dubban murabba'in kilomita a tashi daya, ba wanda ma ya san tana ci sai tauraron dan'adam. Akwai wani itace a can dangin fain, Callitris a sunan kimiyya, shi yana jure karamar wuta amma babba na kashe shi kuma baya sake toho, ga shi gara bata cinsa sai gawarsa ta yi shekaru a tsaye. Masana irin su David Bowman suka lura duk inda mutane suka tashi sai ka tarar da gawarwakin itacen nan birjik, inda kuma har yanzu ake kona daji irin na gargajiya sai ka same shi da ransa har da 'ya'ya. Wani bincike da aka buga a 2001 a wani wuri mai suna Dukaladjarranj, inda iyalan wurin basu taba yanke al'adar ba, ya nuna haka karara, kuma abin da ya burge ni sunan da ke farko a jerin marubutan na Ba'aborijine ne, Dean Yibarbuk, sannan sunayen sauran masu binciken suka biyo baya.

An yi wani dattijo, marigayi Lofty Bardayal Nadjamerrek, shahararren mai zane ne kuma yana cikin na karshe da suka taso a kan tudun suna yawo da kafa, ya san sunan kowane rafi da kowane dutse da kuma dangin da ke da shi. A farkon shekarun 2000 ya koma ya kafa dan kauye a Kabulwarnamyo, yana tsoho, dan a dawo da wuta yanda take. Masana irin su Jeremy Russell-Smith da Peter Cooke suka zauna da shi da sauran dattawa, ana tafiya daji tare, su dattawan na nuna inda ake farawa da lokacin da ake farawa, su kuma 'yan boko na yanka ciyawa suna aunawa a sikeli, suna auna hayaki, suna zana taswirar inda ya kone daga hotunan sama.

Daga nan aka samu shirin rage wutar daji a yammacin Arnhem Land da ake kira WALFA a 2006. Kamfanin ConocoPhillips ya gina matatar iskar gas a Darwin, aka daidaita zai rika biyan kimanin dalar Ostireliya miliyan 1 duk shekara har shekara 17, su kuma Aborijin masu kasar za su rage hayakin da ke dumama duniya da abin da ya kai tan 100,000 a shekara ta hanyar kona daji da wuri, a fili mai fadin murabba'in kilomita kusan 28,000, kaga ya fi jihar Kano girma kenan. Za ka ce ya za a yi kona daji ya rage hayaki? Lissafin shine ba a kirga kabon din da ciyawa ta saki dan damina na zuwa sabuwar ciyawa za ta sake shanye shi, abin da ake kirgawa iskar metan ce da naitiros oksayid wadanda basa komawa. Wutar farkon rani tana barin tsibirai da bata ci ba, bata cin manyan kututture, kuma tana tare hanyar ta karshen rani, dan haka jimillar abin da ya kone a shekara sai ya ragu. A shekaru 7 na farko an rage hayakin da fiye da kashi daya cikin uku idan aka kwatanta da shekarun 1995 zuwa 2004. Da gwamnati ta ga abin na aiki sai ta sa shi cikin dokar kasuwar kabon, inda ake biyan wanda ya rage hayaki, a 2012, yanzu akwai irin wadannan shirye shirye da yawa daga Kimberley a arewa maso yamma har Cape York a arewa maso gabas, kudin kuma na biyan albashin masu gadin daji 'yan asalin wurin, maza da mata, har makaranta aka bude wa yara a Kabulwarnamyo.

To ina hadin yake a aikace? Ka dauki shekara guda. Kafin rani ya shiga ana zama taro, a shimfida taswirar bara wadda aka ciro daga shafin NAFI, wani shafi ne na intanet da ke nuna tabon wuta da wuraren da ke ci yanzu yanzu daga tauraron dan'adam. Masu kasa ne ke cewa nan a kona nan a bari, kuma a tsarinsu ba kowa ke da bakin magana a kan kowane fili ba, akwai mai kasa ta wajen uba akwai kuma wanda suke kira djungkay, mai kula da kasar ta wajen uwa, sai sun yarda ake kyasta ashana. Lokacin farawa kuma daji ne ke fada. Mutanen Kakadu, makwabtan Arnhem Land, da kewaye basa raba shekara biyu, shida suke raba ta. Akwai lokacin da guguwar karshen damina ke kwantar da doguwar ciyawa, daga nan sai wanda suke kira Yegge wajen Mayu zuwa Yuni, da safe hazo na kwanciya a fadama, wani itacen turare mai fure ruwan lemo ya fara fure, to wannan furen shine alamar a fara. Mu ma ai mun san irin wannan, manomi baya duba kalanda kafin ya san damina ta kusa, zuwan shamuwa ya ishe shi.

Amma filin ya yi girma mutanen kuma sun yi kadan, ba kamar da ba da kowane dangi ke yawo da kafa a kasarsa duk shekara. A nan boko ya shigo da karfinsa. Ana hawa jirgi mai saukar ungulu da wata na'ura mai sakin 'yan kananan kwanso, a cikin kowane akwai garin sinadarin fotasiyam famanganet, na'urar ta yi masa allurar wani ruwa ta jefo shi, kafin ya dade a kasa sai ya kama da wuta. Wanda ke zaune kusa da direba yana cewa saki nan, tsaya nan, mai kasar ne ko wanda ya wakilta. Wuraren da ke da hatsari kamar kurmin itacen anbinik da kogunan dutse masu zanen kakanni, su da kafa ake zuwa, a share ganye da injin hura iska a zagaye su da wuta a hankali. Idan karshen rani ya zo tsawa ta tada wuta, tauraro ne ke fara gani, a kwashi matasa a jirgi a sauke su su tura ta zuwa tabon da aka kona tun watan Yuni ta mutu a can. Kaga na'ura ta kara wa dattijo tsawon kafa da nisan gani, amma shawarar tana hannunsa. Da dan gari akan ci gari, ni a ganina sirrin kenan, kuma duk inda aka juya tsarin ya zama jami'i ne ke yanke hukunci a kira tsoho ya zo a dauki hoto, abin baya dorewa.

Kar kuma ka manta da maganar kasa. Abin ya yiwu a Arnhem Land ne saboda dokar 1976 ta mayar wa Aborijin na yankin Arewa mallakar filayensu, sannan hukuncin kotun kolin kasar a shari'ar Mabo a 1992 ya rushe karyar cewa nahiyar ba ta kowa bace lokacin da Turawa suka zo. Mutumin da ba a bari ya taka fili ba ta ina zai kula da shi?

A hamadar yamma labarin ya dan bambanta amma darasin na nan. Matan kabilar Martu a lokacin sanyi suna kona wata ciyawa mai kaya da ake kira spinifex dan ramukan damo su bayyana su hako shi. Rebecca Bliege Bird da Douglas Bird sun yi shekaru suna bin matan nan da awo, suka gano inda ake yawan farautar kasar ta zama kamar zanen atamfa, nan sabon kuna, nan na bara, nan na shekara biyar, kuma damon ya fi yawa a inda aka fi farautarsa saboda yana son bakin iyaka tsakanin tsohuwar ciyawa da sabuwa. Wutar tsawa ma idan ta tashi a irin wurin bata nisa. Akwai hotunan sama da aka dauka a 1953 lokacin mutane na zaune a hamadar, tabon wuta kanana ne birjik, da aka sake dubawa a shekarun 1980 bayan sun tashi sai ga tabo daya ya cinye dubun dubatar hekta.

Wani abin da zai baka sha'awa, Aborijin sun dade suna cewa shirwa na daukar itace mai wuta ta jefa a wani wuri dan fara da kadangaru su fito, aka dade ana daukar maganar tatsuniya, sai a 2017 wasu masana suka tattara shaidar wadanda suka gani da idonsu har da ma'aikatan kashe gobara suka buga. Shirwar nan dangin tamu ce da ke shawagi a kan hayaki in ana toyi.

Yanzu bari in zo inda nake ganin mutane ke zuzuta abin fiye da kima. Bayan gobarar 2019 zuwa 2020 da ta cinye sama da hekta miliyan 24, kusan girman kasar Gana, ta kashe mutum 33 kai tsaye, ta kona gidaje sama da 3,000, aka kiyasta dabbobi kusan biliyan 3 sun mutu ko sun rasa matsuguni, sai kowa ya koma cewa da an bi Aborijin da haka bata faru ba. Hukumar binciken da gwamnati ta kafa ma a rahotonta na Oktoba 2020 ta ce a rika aiki da masu kasa na gargajiya. Wannan daidai ne, amma kudu ba arewa bace. Arewa ciyawa ce da ke fitowa duk shekara, mutane kadan, fili fetal. Kudu maso gabas dazuka ne masu kauri a kan tsaunuka, gidaje sun shiga har cikin itatuwa, kuma akwai dazukan da asalinsu ba masu son wuta akai akai bane, kamar na dogon itacen nan Eucalyptus regnans, shi in ya kone sau biyu a kusa kusa kafin sababbin su isa yin iri to dajin ya tafi. Su kansu Aborijin ba ko'ina suke konawa ba, sanin inda ba a tabawa rabin ilimin ne. Sannan 2019 ita ce shekara mafi zafi kuma mafi fari da aka taba aunawa a kasar, a ranar da zafi ya haura 40 ga iska mai karfi, tartsatsi na tashi ya sauka kilomitoci a gaba, tabon da ka kona bara taimakonsa kadan ne. Kwanakin da za a iya yin kuna lafiya ma raguwa suke saboda sauyin yanayi.

Duk da haka akwai hujja mai karfi cewa kudun ma ya canza bayan an hana mutanen aikinsu. Michael-Shawn Fletcher, masani ne kuma shi kansa dan kabilar Wiradjuri, shi da abokan aikinsa suna hako laka daga kasan tabkuna su karanta garin fure da gawayin da suka kwanta shekaru aru aru, sun nuna wurare da dama da ke bude a da sun cushe da kananan itatuwa bayan zuwan Turawa, kuma wadannan kananan su ne tsanin da wuta ke takawa ta hau sama. Matsalar ita ce dajin da ya yi shekara 150 yana cushewa ba zaka shige shi yau da karamar wuta ka ce ka gyara ba, sai an bi a hankali shekara da shekaru. Victor Steffensen, wanda ya koyi aikin a hannun dattawa biyu na Cape York, Tommy George da George Musgrave, wadanda Jami'ar James Cook ta ba digirin girmamawa a 2005, ya dade yana yawo kudu yana koyarwa tare da kungiyar Firesticks, kuma abin da yake nanatawa shine kowace irin kasa da lokacinta, sai ka taba ciyawa ka ji sanyin kasa ka san itacen da ke wurin. A jihar Victoria mutanen Dja Dja Wurrung sun dawo da kunan gargajiya a filin gwamnati a 2017 bayan kusan shekara 170, amma har yanzu filayen da ake yi kanana ne, takardun izini da inshora da karancin kudi sun daure abin.

Kuma kar a hada shi da kunan rage makamashi da hukumomin kashe gobara ke yi. Su burinsu hekta nawa aka kona kafin wa'adi, sau da yawa a zagaye fili da layin wuta ta hadu a tsakiya da zafi, dabba bata da mafita. Na gargajiya daga wuri daya ake kunnawa ta bazu a hankali kamar mai a ruwa, kwari su hau bishiya, kadangaru su wuce. Bayan gobarar 7 ga Fabrairu 2009 da ta kashe mutum 173, Victoria ta sa wa kanta ka'idar kona kashi 5 cikin 100 na filayen gwamnati duk shekara, daga baya ta ajiye ka'idar saboda an ga cika adadi baya nufin an kare mutane.

A arewan ma inda ake yabo akwai abin da ke damuna. Dokar kabon ta ja layi a ranar 1 ga Agusta, kafin nan wuta ta farkon rani ce ana samun lada, bayan nan ta karshen rani ce ana cin tara a lissafi. Daji bai san 1 ga Agusta ba. Wata shekarar ruwa ya dade fadama bata bushe ba sai Satumba. A Cape York akwai kunan da ake yi bayan ruwan farko ya sauka, mai dan zafi, dan a kashe kananan itatuwan da ke mamaye filin ciyawa, kuma wani aku mai kafada ruwan zinariya da ke gab da karewa rayuwarsa na bukatar wannan budadden filin, amma a lissafin kabon wannan kunan asara ne. In kudi ya zama shine direba sai ka ga ana ta zuba wuta daga jirgi dan a cika lissafi, tafiyar kafa da yara da tsofaffi wadda ita ce makarantar ilimin tana raguwa. Kananan dabbobi masu shayarwa kuma har yanzu suna raguwa a arewa saboda kyanwowin da suka zama na daji da shanu da bauna da ke tattake mabuya, wuta mai kyau ita kadai bata isa ba.

Ga wani abu da ya shafe mu kai tsaye. Babbar barazanar da ke gaban wannan aiki a kewayen Darwin ciyawa ce da su ma suke kira gamba, sunan namu ne ya bi ta. Gambar da muke yanka mu saka zana, ita aka kai can a shekarun 1930 dan kiwon shanu. A nan mutum na yanka, saniya na ci, bata samun sakewa. A can ta samu fili ba mai taba ta, tana kai mita 4, ta yi kauri, wutarta na iya ninka ta ciyawar kasar har sau 8 a zafi, tana kashe manyan itatuwa. Kuma bata bushewa da wuri, lokacin da ake kunan sanyi ita tana danya, sai tsakiyar rani take shirya ci. Ilimin kakanni bai san ta ba dan bata nan a zamaninsu, a irin nan dole sai da feshi da taswira da bincike, tun 2012 aka sa ta cikin jerin miyagun ciyayi na kasa baki daya. A tsakiyar kasar kuma wata 'yar uwar karangiya ce da suke kira buffel ke irin wannan barnar.

Ka tambaya a karshe ko mu ma za mu iya. A savanar da ruwa ke da yawa, irin kudancin Kaduna, Neja, Taraba, arewacin Gana, maganar ba bakuwa bace. Tun 1936 wani Bafaranshe masanin daji Aubréville ya kafa gwaji a Kokondekro kusa da Bouaké a Kodebuwa, fili uku, daya ba a konawa, daya a kona farkon rani, daya karshen rani, aka yi shekaru da dama ana bibiya, na karshen rani itatuwansa suka kare kusan kaf, na farkon rani ya rike nasa musamman inda kasa ke da kyau, wanda aka kare ya zama kurmi. A kudancin Mali Paul Laris ya nuna manoma da makiyaya na yin kunan tsibiri tsibiri tun ciyawa bata gama bushewa ba, kusan irin na Arnhem Land, alhali hukumomi sun dade suna daukar abin laifi. Na taba zama wani taro aka yini ana maganar hana kona daji kwata kwata, ba makiyayi ko maharbi ko daya a dakin, raina ya baci ranar, dan na san in ka hana wutar Nuwamba to ka gayyaci ta Fabrairu.

Amma can arewa a sahel, Damargu, Tawa, arewacin Yobe da Sakkwato, lissafin daban ne. Ciyawar can mai shekara daya ce, in ta bushe ita ce rumbun dabbobi har ruwa ya sauka, in ta kone ba toho sai toka da iska za ta kwashe, shi yasa a Nijar ake share dogayen hanyoyin tare wuta a wuraren kiwo da zarar damina ta dauke, kuma hakan shine daidai a wurin. In da za a bani dama in fara irin wannan aiki a wani gandu a savanarmu, shekarar farko ba zan kyasta ashana ko daya ba, zan ciro hoton tauraro na shekara 10 in ga watan da kowane bangare ke konewa, in dauki taswirar in kai wa ardo da sarkin baka da matan da ke tsintar kadanya da dorawa, su fada min wa ke kunnawa, dan me, kuma a da wane wata ake yi.